Mai Ciwon Kumburin Hanji Ya Fara Tari Ko Haki: Matakan Da Za A Bi Daga Gida Har Asibiti

Tambaya ɗaya ce masu fama da ciwon kumburin hanji da 'yan uwansu ke ta maimaitawa: mutum yana kan maganin cikinsa, sai ga tari ya kama shi ya ƙi sakinsa, ko ya ga ɗan tattaki zuwa masallacin unguwa yana sa shi haki. Ciwo ne daban, ko duk tafiyar ɗaya ce? Kuma wa zai gani, likitan ciki ko na ƙirji?

Ciwon da ake nufi a nan shi ne kumburin hanji mai daɗewa wanda garkuwar jiki ke haddasawa, mai iri biyu: cutar Crohn, da ulcerative colitis, wato gyambon babban hanji. Ba atini ba ne, ba basir ba, ba kuma olsa ba. Mai wannan ciwo huhunsa na iya taɓuwa ta hanyoyi huɗu. Gudan jini na iya toshe jijiyar huhu. Ƙwayar cuta na iya samun shiga saboda magani ya raunana garkuwar jiki, kuma a wajenmu tarin fuka, wato tibi, shi ne kan gaba. Maganin hanjin kansa na iya kumbura huhu. Sannan kumburin da ke cin hanjin na iya ɓulla a hanyoyin iska. Duka huɗun da tari da haki suke zuwa, shi ya sa ba a rarrabe su da ido. Abin da ya sa bin tsari ya zama dole kuwa shi ne, prednisolone da danginsa, waɗanda ke maganin na huɗu, su ne ke rura wutar na biyu. Don haka bi da bi ake binciken: a fara da mai saurin kisa, sai mai yaɗuwa, sai magunguna, a ƙare da ciwon kansa.

Mataki na 1: Tantance ko na gaggawa ne

Kafin komai, duba ko akwai ɗaya daga cikin waɗannan: haki ya zo farat ɗaya cikin mintoci ko 'yan awanni, ƙirji na suka idan an ja numfashi, tari da jini, zuciya na dukan uku-uku alhali ana zaune, jiri ko suma, ko mutum ya kasa ƙarasa jimla ɗaya sai ya tsaya ya huta. Duba ƙafafu biyun ka gwada su: idan ɗaya ta kumbura ta fi 'yar uwarta, sha-raɓar na ciwo kuma da ɗumi, to akwai zargin gudan jini a jijiya, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Mai kumburin hanji ya fi sauran mutane haɗarin wannan da ninki biyu zuwa uku, kuma haɗarin ya fi tsanani daidai lokacin da ciwon ya tashi, ana zawo da jini, jiki ya bushe, mutum na kwance.

Ƙirga numfashi na minti ɗaya cif. Baligi mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a zaune. Idan ya kai 25 ko fiye, ba na zaman gida ba ne. Wanda ke da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, ya auna: 95 zuwa sama shi ne daidai, ƙasa da 92 kuwa asibiti ake nufa. Lalle mai duhu da jan farce kan rikita na'urar, sai a zaɓi yatsan da babu su. Kuma a fata mai duhu takan nuna lamba sama da ta gaskiya kaɗan, don haka in jiki ya ce akwai matsala, a bi jiki a bar na'ura.

Abu biyu kuma da ke cikin na gaggawa: numfashi yana fito daga maƙogwaro idan ana jan iska ciki, tare da dishewar murya, da zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki ga mai shan azathioprine, methotrexate, prednisolone, ko mai karɓar allurar infliximab ko adalimumab.

Hattara: ba a tausa ƙafar da ta kumbura, ba a gasa ta da ruwan zafi, ba a kai ta wajen mai ɗori. Kuma ba a cewa bari gari ya waye. Sashen gaggawa na asibiti mafi kusa mai iskar oksijin, nan za a nufa.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kana da 'yan kwanaki na shiri, ba makonni ba.

Mataki na 2: Tattara magunguna da kwanan wata

Wannan mataki kyauta ne, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Samu leda ɗaya ka zuba duk abin da kake sha a cikinta, da kwalinsa: na asibiti, na kyamis, na gargajiya, har da na ƙarin jini. Kada ka dogara da cewa "wata farar ƙwaya ce ƙarama". Likita ba zai gane ta da wannan ba.

Sai ka samu takarda ka rubuta, kowane magani a layinsa: sunansa, nawa kake sha, da watan da ka fara. Watan farawa shi ne zuciyar maganar, domin huhun da magani ya taɓa yawanci cikin makonni ko watannin farko na shansa yake nuna alama. A ƙasa ka ƙara waɗannan: yaushe tarin ya fara, busasshe ne ko da kaki, in da kaki, wane launi, kuma a wuni yana kai cokali ko yana kai kofin shayi, akwai gumin dare mai jiƙa riga, akwai rama, akwai wani a gida ko a shago da ke dogon tari, an taɓa yi maka maganin tibi, an taɓa yi maka tiyatar cire babban hanji, kuma yaushe. Mace ta ƙara ko tana da ciki, ko ta haihu kwanan nan, ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa. Mai shan sigari ko shisha ya rubuta gaskiya.

Haɗa da takardar sakamakon leƙa hanji da na'ura, da sakamakon tsokar da aka gutsura aka gwada, da duk wani tsohon hoton ƙirji. Tsohon hoto ko na shekara biyar ne yana da daraja, saboda da shi ake gane tabon da ya daɗe da wanda ya fito jiya.

Mataki na 3: Je wurin da ya dace, ka faɗi abin da ya dace

Fara da likitan da ke kula da cikinka in yana kusa. In ba ya kusa, je babban asibiti, amma ka buɗe baki da ciwon hanjin tun kafin a tambaye ka: "Likita, ina da ulcerative colitis, ina shan sulfasalazine tun watan Sha'aban, ga shi tari ya kai mako uku." Mutane da yawa sukan ɓoye zancen cikin don suna ganin ba shi ya kawo su ba, sai a rubuta musu maganin tari a sallame su.

Inda aka fi samun likitan ciki da na huhu a rufi ɗaya shi ne asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos. Nemi takardar turawa daga asibitin da ka fara zuwa. Mai inshorar lafiya ya nemi lambar amincewa tun kafin ya tashi, don kada ya je ya tarar sai ya biya daga aljihu.

Hattara da kyamis a wannan tsakanin. Abu uku ke ɓata bincike. Na farko ciprofloxacin da levofloxacin: suna taɓa ƙwayar tibi kaɗan, tari ya lafa, gwaji ya rikice, cutar kuma tana nan. Na biyu ibuprofen da diclofenac da ake haɗawa cikin "haɗin ciwon jiki": suna iya tayar da ciwon hanjin. Paracetamol ya wadatar. Na uku prednisolone ko dexamethasone da wani zai ba ka don numfashi ya buɗe. Zai buɗe ɗin na kwana biyu, amma in tibi ne, ka buɗe masa ƙofa.

Mataki na 4: Gwajin kaki da hoton ƙirji

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma ƙa'idar hukumomin lafiya ita ce duk tarin da ya kai mako biyu a gwada shi. Ga wanda garkuwar jikinsa ke danne da magani, ba sai an jira mako biyun ba. Gwajin da ake nema shi ne GeneXpert. Kyauta ake yin sa a cibiyoyin kula da tibi na gwamnati da ake kira DOTS, maganin tibi ma kyauta ne. Na'urar tana gama aikinta cikin kamar awa biyu, ko da yake layi da jigilar samfuri kan sa sakamako ya kwana ɗaya ko biyu. Tana kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi.

Yadda ake ba da kakin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Za a ba ka 'yar roba mai murfi. Da sassafe kafin ka ci komai, kurkure baki da ruwa zalla. Fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara. Ja numfashi har ƙirji ya cika, riƙe shi kaɗan, sake shi a hankali, sau uku. A na ƙarshe ka yi tari mai ƙarfi daga can ƙasan ƙirji, ka tofa abin da ya taso. Ana son kamar cikin ƙaramin cokalin shayi, mai kauri. Yawu mai kumfa ba kaki ba ne, kuma shi ne babban dalilin da ke sa sakamako ya fito babu komai alhali akwai. Rufe murfin sosai, wanke hannu, kare robar daga rana, ka kai ta a ranar. In kaki ya ƙi fitowa, faɗa wa ma'aikaci, akwai tururin ruwan gishiri da ake shaƙa a asibiti don ya sauko da shi.

A ranar ka yi hoton ƙirji, wanda cikin gwaje-gwajen da ake biya shi ne mai sauƙin kuɗi. A yi gwajin HIV ma, haka ƙa'ida take ga duk wanda ake zargi da tibi, ba don an zarge ka da komai ba.

Kuskure biyu ake yi a nan, kowanne kishiyar ɗan'uwansa. Na farko, a ga GeneXpert bai nuna komai ba sau ɗaya a rufe babin tibi. Ga mai raunin garkuwa, tibi kan bazu a jiki ko ya maƙale a ƙululun wuya ba tare da ya fito a kaki ba, don haka in ga zazzaɓi da gumin dare da rama, a sake gwadawa ko a zurfafa bincike. Na biyu, a ga inuwa a hoto kawai a ɗora mutum kan maganin tibi wata shida, ya gama bai warke ba, a sake ɗora shi. In likita ya yanke shawarar fara magani ba tare da an ga ƙwayar ba, wani lokaci hakan daidai ne, amma ka tambaye shi yaushe za a zauna a duba ko yana aiki. In an kai wata biyu babu sauƙi, akwai buƙatar sake lale.

Wani abu da ya kamata kowane mai cutar Crohn a yankinmu ya sani: tibin hanji yana kama da Crohn matuƙa, wuri ɗaya ma suka fi kamawa, wato mahaɗar ƙaramin hanji da babba. In aka samu tibi a huhun wanda aka ce yana da Crohn, ya dace likitan ciki ya sake duba ko tun farko tibi ne a hanjin.

In tibi ya tabbata, magani wata shida ne: wata biyu da magunguna huɗu, wata huɗu da biyu. Ana dakatar da infliximab ko adalimumab har sai likitoci sun yarda a koma. Rifampicin zai mai da fitsari ja-ja, wannan ba komai. Abin lura shi ne yana rage ƙarfin prednisolone da na ƙwayar tazarar haihuwa da na magungunan tsinka jini, don haka kowane likita da ke duba ka ya san kana shan sa. Ido ya yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar, hanta ce ke kuka.

Mataki na 5: Gwajin jini

Ƙirgen ƙwayoyin jini gaba ɗaya ake nema, ba PCV kaɗai ba, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini. Sau da yawa hakin mai kumburin hanji ba daga huhu yake ba, jini ne ya yi ƙasa saboda zubar da yake yi a bayan gida da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Gwajin kuma zai nuna ko fararen ƙwayoyin jini sun faɗi saboda azathioprine, ko nau'in da ake kira eosinophil ya hau, wanda kan nuna hannun magani ko tsutsar ciki. A haɗa da gwajin ƙoda da hanta, za a buƙace su a gaba.

Gwajin D-dimer kuwa, wanda ake yi don zargin gudan jini, ga wanda hanjinsa ke kumbure yawanci sama yake fitowa ko da babu gudan jinin. In zargin yana da ƙarfi, gara kuɗin ya tafi ga hoton jijiyar ƙafa ko na jijiyoyin huhu.

Mataki na 6: Zauna da likita ku bi magungunan ɗaya bayan ɗaya

Nan takardar da ka rubuta za ta yi aikinta. Sulfasalazine da mesalazine, waɗanda kusan kowane mai ulcerative colitis ya sha, suna iya kawo busasshen tari, zazzaɓi, haki da inuwa a hoton ƙirji mai kama da nimoniya, yawanci cikin watannin farko. Wani lokaci rigar huhu ko rigar zuciya suke kumburawa, ƙirji ya riƙa suka. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru, dakatar da maganin kan kawo sauƙi cikin kwanaki zuwa makonni, wani lokaci da taimakon prednisolone. Tunda magungunan biyu dangin juna ne, sauya ɗaya da ɗaya ba lallai ya raba ka da matsalar ba.

Methotrexate ya fi su zafi. Mai shan sa ko mai allurarsa da ya fara busasshen tari da haki, kada ya sha na mako mai zuwa sai ya ga likita. A tuna kuma sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba. Infliximab da adalimumab babban laifinsu tayar da tibin da ke kwance ne, ko da yake jefi-jefi sukan kumbura tsokar huhu. Tofacitinib kuma yana ƙara haɗarin gudan jini.

Hattara: Septrin da methotrexate ba sa haɗuwa, haɗa su na iya durƙusar da ɓargo ya daina ƙera jini. Wannan yana da muhimmanci don Septrin ne ake bai wa wanda ke kan magungunan danne garkuwa da yawa, domin kare shi daga wata nimoniya mai suna Pneumocystis, kuma shi ne mutane ke saya da kansu in tari ya kama su. Likita ne zai auna wanne za a ba ka.

Hattara ta biyu: wanda ya yi makonni yana shan prednisolone ba ya yanke shi dare ɗaya, ko da ya ji an ce yana da illa. A hankali ake rage shi bisa jadawali.

Mataki na 7: Hoton CT da gwajin busa

In kaki bai nuna tibi ba, jini bai bayyana dalili ba, tari kuma yana nan, to an zo wurin kashe kuɗi. Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya fitowa fes alhali hanyoyin iska sun lalace. CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ne ke nuna su, kuma kuɗinsa ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, don haka kada a yi shi sau biyu saboda kuskuren takarda. Iri biyu ne. Akwai HRCT, mai duba tsokar huhu da hanyoyin iska, ba ya buƙatar allura. Akwai CTPA, mai neman gudan jini, wanda ake yi da allurar rini a jijiya, shi ya sa ake duba ƙoda tukuna. Tabbatar likita ya rubuta wanne yake so, kuma ya rubuta sunan ciwon hanjinka a takardar don mai karanta hoton ya san abin da zai nema. Tambayi farashi a wuri biyu kafin ka biya, ka kuma karɓi faifan hoton tare da rahoton, ba rahoton kaɗai ba. Mai ciki ta faɗa kafin a shigar da ita.

Gwajin busa ya fi sauƙin kuɗi. Za a matse maka hanci, ka cika ƙirji, ka busa cikin bututu da iyakar ƙarfinka har iska ta ƙare, aƙalla sau uku. Kada ka je da cikakken ciki, kuma ka tambaya ko za ka dakatar da abin shaƙa kafin ranar.

Abin da aka fi samu in ciwon hanjin ne ya taɓa huhu shi ne buɗewar hanyoyin iska, wanda likitoci ke kira bronchiectasis. Bututun iska sukan faɗaɗa su saki, kaki ya riƙa taruwa a ciki kamar ruwa a kwatar da ba ta da gangara, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Alamarsa tari mai kaki da yawa kullum, musamman da asuba. An fi ganin sa ga masu ulcerative colitis. Abin mamakin shi ne yakan ɓulla ko da hanji ya yi shiru shekaru, har ma bayan an yi tiyata an cire babban hanjin gaba ɗaya, wani lokaci cikin watanni kaɗan da tiyatar. Saboda haka "ai an cire hanjin" ba hujja ba ce ta kore shi. Sauran abubuwan da CT kan nuna sun haɗa da kumburin babban bututun iska har ya tsuke, da wata nimoniya da ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba wadda ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙulle-ƙulle a huhu masu kama da tibi ko daji. Irin waɗannan na ƙarshe sukan sa a zura na'ura ta hanci ko baki a leƙa huhun, a wanko ruwa ko a gutsuro tsoka a gwada, kafin a yanke hukunci.

Mataki na 8: Magani da aikin gida

In an tabbatar kumburin ciwon ne, labarin yana da daɗi fiye da yadda ake tsoro: hanyoyin iskar masu kumburin hanji sukan ji maganin steroid, wato dangin prednisolone, sosai, sau da yawa na shaƙa kaɗai ya isa, irin su budesonide ko beclomethasone. Mai tsanani ne ake ba prednisolone na sha ko allura.

Abin shaƙa sai an iya shi yake aiki. Girgiza shi, fitar da numfashi, sa a baki, danna daidai lokacin da ka fara jan iska a hankali, riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Wanda hannunsa da numfashinsa ba sa haɗuwa ya nemi bututun da ake sawa tsakanin abin shaƙar da baki. Bayan kowace shaƙa kurkure baki ka zubar, in ba haka ba farin fumfuna zai fito a harshe, murya ta dishe. Kullum ake shaƙa shi, ba sai tari ya tashi ba, kuma sai an yi makonni kafin a ga cikakken amfaninsa.

Mai bronchiectasis yana da aiki safe da yamma na fitar da kaki, minti 10 zuwa 15, kafin cin abinci. Zauna ka yi numfashi a natse. Sai ka ja dogon numfashi sau uku ko huɗu, kana riƙe kowanne kaɗan. Sannan ka buɗe baki ka huro iska da ƙarfi daga ƙirji, "haa", sau ɗaya ko biyu, kakin zai hauro, sai ka yi tari ka tofar. Maimaita har ƙirji ya yi sakayau. Likitan gashi da motsa jiki zai nuna maka kwanciyar da ta dace da ɓangaren huhun da ya taɓu. Sha ruwa sosai, musamman ga mai zawo, don kaki ya tsinke. Duk ranar da kakin ya ƙaru, ya koma kore, ko zazzaɓi ya zo, a kai shi ɗakin gwaji a gano ƙwayar cutar da ke ciki kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda shan su barkatai na iya tayar da mugun zawo ga mai kumburin hanji.

Hayaƙi kuwa a rage shi ta ko'ina: girki da itace a rufaffen ɗaki, turaren wuta a ɗakin kwana, maganin sauro na kunnawa, janareta a bakin taga. Da hunturu a sa takunkumi in za a hau babur. Sigari yana tsananta cutar Crohn ƙarara. Akwai masu jin cewa yana lafar da ulcerative colitis har su koma masa, amma ga wanda huhunsa ya riga ya taɓu wannan ciniki ne na asara.

Mataki na 9: Kafin a fara infliximab, adalimumab ko makamantansu

Mutum na iya ɗauke da ƙwayar tibi a kwance shekaru ba ya ciwo, ba ya yaɗawa. Waɗannan allurai suna kwance mata ɗauri, sau da yawa cikin watannin farko. Don haka kafin allurar farko sai an yi abu uku: tambayoyi kan tarihin tibi a gida, hoton ƙirji, da gwajin fata na Mantoux ko gwajin jini na IGRA.

Mantoux ɗan ruwa ne ake tsirawa a fatar hannu, a koma bayan awa 48 zuwa 72 a auna tudun da ya taso, ba jan da ke kewaye da shi ba. Ga mai raunin garkuwa, milimita 5 ma ana ɗaukarsa a matsayin akwai. Kada a sosa wurin, kada a manna masa filasta, kuma wanda ya wuce kwana uku bai koma ba sai an sake. IGRA ya fi tsada, amma zuwa ɗaya ne, kuma allurar BCG ta yarinta ba ta rikita shi. Dukansu biyu suna iya fitowa babu komai ga wanda ke kan prednisolone mai yawa, shi ya sa ya fi kyau a yi su tun ranar da aka gano ciwon hanjin, kafin a fara magunguna masu ƙarfi.

In an samu tibi a kwance, ana ba da maganin rigakafi: isoniazid kullum na wata 6 zuwa 9, ko isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12, ko wani tsarin da likita ya zaɓa, tare da bitamin B6. Yawanci sai an yi kamar wata ɗaya ana sha kafin a fara allurar. Gwajin da ya fito babu komai a yau kuma ba kariya ba ce ta har abada, domin ana iya ɗaukar sabuwar ƙwaya a mota ko a kasuwa.

A wannan zama ne ake maganar rigakafi. Na mura mai tsanani da na nimoniya suna da amfani kuma ba su da matsala. Masu ɗauke da rayayyar ƙwaya, kamar na shawara da ake nema wajen tafiya ƙasar waje, ba a yin su ana kan waɗannan magunguna, sai maniyyaci ya tayar da zancen da wuri. Ke kuma 'yar uwa da kika karɓi infliximab ko adalimumab da ciki, musamman a watannin ƙarshe, maganin yana ratsawa zuwa jikin jariri. Allurar BCG da ake yi wa jarirai da haihuwa ana jinkirta ta wata 6 zuwa 12 ga irin wannan jariri. Ki sa likita ya rubuta a katin awo tun kafin naƙuda, ki kuma tambaye shi game da ɗigon baki na shan inna da na rota, wato rigakafin zawon yara. Sauran alluran jaririn da ba su ɗauke da rayayyar ƙwaya ana yin su a kan lokacinsu.

Mataki na 10: In an kwantar da kai, ko za ka yi doguwar tafiya

Mai kumburin hanji da aka ba gado, ko don ciwon ya tashi ko don tiyata, ya tambaya: "Likita, ba za a yi mini allurar hana gudan jini ba?" Heparin ko enoxaparin ake yi a fatar ciki. 'Yan uwa sukan tsorata su ce mutum na zawo da jini za a ƙara tsinka masa jini, amma ɗan ƙaramin adadin da ake bayarwa na kariya ba ya cika ƙara zubar, kuma ana ba da shi sai in zubar ta yi muni ƙwarai. A riƙa tashi ana takawa a ɗakin, ko a motsa idon sawu a kan gado.

Tafiyar mota daga Kano zuwa Legas, ko jirgi zuwa Jidda, tana buƙatar ruwa a hannu da miƙe ƙafa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Wanda ciwonsa ke tashe ya nemi shawarar likita kafin tafiyar, haka ma kafin azumi in zawo bai tsaya ba. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrogen ta tambaya ko za a sauya mata da wata hanya.

In gudan jini ya riga ya faru, maganin tsinka jini aƙalla wata uku ake sha, wani lokaci fiye, har sai hanjin ya lafa. Mai warfarin zai riƙa gwajin INR, na auna tsinkewar jini, a kai a kai. Mai rivaroxaban ko apixaban ba ya buƙatar wannan gwajin, sai dai sun fi tsada, kuma ba sa tafiya tare da rifampicin. Baƙin bayan gida, jini mai yawa fiye da wanda aka saba gani, ko haki ya dawo, kowanne dalili ne na komawa asibiti a ranar, da ledar magunguna da takardar nan a hannu.